Taka, Riƙe, Saki

Fijon nan ta girme ni da shekara biyu.
A Kakuri aka haɗa ta.
Baba ya ce shi ya ɗaura mata ƙofar hagu da hannunsa,
mu kuwa ba mu taɓa yi masa musu ba.
Ya bar mini ita da makulli ɗaya,
da carbi a wuyan madubi,
da birkin da sai an roƙe shi sau uku kafin ya ji.

Na saba da halinsa.
Tun daga nesa nake fara lallashi,
in taka, in ɗaga, in sake takawa,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma.

Sai ran wata Talata, ana yayyafi,
a gangaren gadar kogi,
keke ta tsaya cak a gabana,
yara huɗu a ciki da kayan makaranta,
ƙaramarsu tana lasar alawa.
Na taka.
Ƙafata ta wuce har ƙasa
kamar na taka ruɓaɓɓiyar gwanda.
Abin da ya rage tsakanina da su
bai kai tsawon takalmin yarinyar ba.
Ta dube ni.
Ta ci gaba da lasa.

Washegari da sassafe ina Panteka.
Oga Bitrus ya ɗora ta kan jak, ya kwance taya,
ya doki gangar baya da guduma har ta saki.
Baƙin gari ya zubo masa a gwiwa.
Ya ce, "Malam, wannan ba birki ba ne,
addu'ar mahaifinka ce take tsayar da kai."
Takalman sun cinye, ƙarfe na gugar ƙarfe,
tiyo ya yi faso irin na diddigen manomi,
man ya koma shayin da ya kwana a buta.

Na ce a sauya takalman kawai, a lallaɓa.
Ya goge hannu da tsumma, bai ko kalle ni ba.
"Titin da aka ƙera ta dominsa ya mutu.
Zamanin babanka, daga Kawo zuwa Kakuri
mota nawa zai iske?
Yanzu kowa tsayawa yake ba sallama."

A cire ganga, a sa faifai.
Sabuwar masta, sabon tiyo ƙafa huɗu.
Obinna mai kayan gyara ya faɗi kuɗi,
na nemi wuri kan wani mataccen inji na zauna.
Kuɗin ragon layya ne cif, har da na igiya.
Na ce to, bana ma ci na maƙwabta.

La'asar ta yi kafin a ɗaure noti na ƙarshe.
Tanimu, yaron gareji, ya shige ƙarƙashi
da sufana da kwalbar lemo,
ni ina kujerar Baba.
"Taka!" Na taka.
"Riƙe!" Na riƙe har cinyata na rawa.
"Saki!"
Iskar shekara da shekaru tana fita kumfa-kumfa,
taya bayan taya,
har abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafata
ya daina gudu na, ya tsaya, ya turo ni.

Mun fita gwaji ta hanyar Mando,
Zulai a gefena, ita da ke jiran in koya mata tuƙi.
Akuya ta gitta.
Ƙafata ta yi abin da ta saba,
amma tun a ƙwanƙwasar farko aka amsa.
Hulata ta bar kaina,
carbin Baba ya doki gilashi, ƙas!
Zulai na dariya har da hawaye.

Sati uku ke nan.
Motar ta koyi tsayawa, ni ne ban gama koyo ba.
Kullum in na doshi gadar nan
sai in ji ƙafata ta soma sallama tun daga nesa,
sau uku,
a ƙofar da take buɗe.